Minti goma kafin a sallami mara lafiya

Ranar da aka sallami mahaifiyata daga asibiti bayan kwana tara tana kwance da ciwon suga, abin da aka miƙo mana shi ne leda guda ta magunguna, da 'yar kwalbar insulin, da sirinji, da wata takarda mai rubutun da ko ni da na yi karatu na kasa karantawa. Nas ɗin da ta cire mata robar ƙarin ruwa ta ce, "Mama, Allah ya ƙara sauƙi. A riƙa yin allurar safe da yamma, a dawo bayan sati biyu." Iyakar bayanin ke nan. Muka yi godiya, muka fito muna murna.

A rana ta huɗu ta tashi ba ta sha'awar abinci, ta ce a bari sai an jima. Ƙanwata, wadda ita ke yi mata allurar, ta yi mata a kan lokaci kamar yadda aka ce, don tana tsoron saɓa umarnin asibiti. Kafin rana ta take zufa ta jiƙe Mama sharkaf, hannunta na karkarwa, tana magana ba kan gado. Duk muka ɗauka sugan ne ya hau. Har wani a cikinmu ya kawo shawarar a ƙara mata allura. Har yau in na tuna wannan shawarar sai gabana ya faɗi, domin da muka isa asibiti aka auna, sugan ya yi ƙasa ne warwas. Da mun ƙara, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

A wannan kwanciya ta biyu muka haɗu da wata ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, dattijuwa, wadda ba zan manta da ita ba. Da ta gama raba magani sai ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon, ta kira ni da ƙanwata. Ta ce insulin aikinsa sauke suga, ko an ci abinci ko ba a ci ba zai yi aikinsa, don haka ranar da Mama ba ta iya cin abinci ba, a auna, a tuntuɓi asibiti kafin a yi allurar yadda aka saba. Ta lissafa mana alamomin faɗuwar suga: zufa, karkarwa, bugun zuciya da sauri, yunwa mai tsanani, ruɗewa. Ta ce in awo ya nuna ƙasa da 70 a ba ta abu mai zaƙi nan take, a jira minti 15 a sake aunawa, amma in ta fita hayyacinta kada a ɗura mata komai a baki, a garzayo da ita. Ta nuna yadda ake canza wurin allura don kada fata ta yi ƙulli. Ta ce kwalbar da ba a buɗe ba a sa ta a firji, amma kada a bari ta daskare.

Sai ta yi abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Ta juya ga mahaifiyata ta ce, "To Mama, yanzu ni ce 'yarki da ba ta nan lokacin da aka yi bayani. Faɗa mini, in kika ji zufa da karkarwa me za ki yi?" Mama ta faɗa, ta yi kuskure a wuri ɗaya, Sista ta gyara mata ba tare da ta ɗaga murya ba, ta ce ta sake faɗa. Duk abin bai wuce minti goma ba.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da ba na jin zan canza: yi wa mara lafiya bayani wani ɓangare ne na maganin kansa, kamar allura, kamar ɗinki, kamar ƙarin jini. Asibitin da ya sallami mutum bai fahimtar da shi ciwonsa da maganinsa ba, bai gama aikinsa ba, ko da an yi masa tiyata mafi kyau a duniya. Mutum kwana nawa yake yi a gadon asibiti? Biyar, goma, in ta yi tsanani wata guda. Sauran jinyar duk a gida ake yin ta, a hannun mata ko miji ko ɗa ko ƙanwa, mutanen da ba su taɓa shiga ajin koyon jinya ba. Su ne za su ci gaba daga inda nas ta tsaya. In ba a ɗora su a hanya ba, me ake tsammani?

Dubi 'yar kalmar nan "sau uku a rana". Ga ma'aikacin lafiya, a magunguna da yawa, musamman masu kashe ƙwayoyin cuta, ma'anarta duk bayan awa 8, don maganin ya zauna a jini daidai dare da rana. Ga wanda ba a yi wa bayani ba, yana iya shanye ukun tsakanin safiya da la'asar ya ce ya cika umarni. Mai hawan jini ya sha magani wata guda, ciwon kai ya tafi, ya ajiye, don babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa hawan jini ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama, kuma maganin riƙe shi yake yi, ba ya kawar da shi. Mai tarin fuka ya ji ƙarfi bayan wata biyu ya daina, alhali maganin galibi na wata shida ne, kuma yankewa a tsakiya na iya haifar da nau'in da ba ya jin magani. Mai jego a sallame ta ba a ce mata in jini ya ɓalle, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko kai ya yi ta sarawa ido na ganin dishi-dishi, ta dawo ba tare da jiran wayewar gari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2003 da ya nuna cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu ciwon da ake daɗewa ana jinya ne kaɗai ke shan magani yadda aka tsara. Dalilan suna da yawa, akwai rashin kuɗi, akwai gajiya da shan ƙwaya, amma rashin fahimta na cikin waɗanda aka fi saurin magancewa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To sai an faɗa kunnen zai ji.

Na san amsar da wasu ma'aikatan za su ba ni, kuma na ji ta da kunnena: "Muna faɗa musu, ba sa ji." Ban ƙaryata ba. Amma a yi wa mara lafiya adalci. Mutum ne da ke cikin ciwo, ga tsoro, ga rashin barci, wataƙila yanzun nan aka gaya masa sunan cutar da bai taɓa ji ba. A wannan hali ko malamin jami'a ne rabin abin da aka faɗa masa zai zube kafin ya kai bakin ƙofa. Ga kuma kunya. In aka ce "Ka gane?" kusan kowa "E" zai ce, don ba ya son a ɗauke shi mara fahimta, ko don ya ga ma'aikaciyar tana sauri. Shi ya sa dabarar waccan Sistar ta fi: kada ka tambayi mutum ko ya gane, ka ce ya maimaita maka da bakinsa, ko ya gwada a gabanka da hannunsa. Wannan hanya sananniya ce a koyarwar aikin jinya, ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Ita dai ta ɗauke ta da muhimmanci ne.

Ba zan ɗora wa nas-nas laifin duka ba, don na kwana a ɗakin marasa lafiya na ga abin da idona ya gani. Mace ɗaya ko biyu a kan ɗaki cike da gadaje, wannan ruwansa ya ƙare, wancan yana amai, ga wanda aka fito da shi daga tiyata ana son a riƙa duba shi a kai a kai, ga rubuce-rubucen fayil, ga 'yan uwan marasa lafiya kowa na kira "Sista, Sista". Wanda ke cikin wannan hali dole ya zaɓi abin da zai bari, kuma abin da ake fara bari shi ne magana, tunda babu wanda zai tuhume ka gobe don ba ka yi hira da mara lafiya ba, amma za a tuhume ka in ba ka yi allura ba. An yi wani bincike a asibitocin Ingila a kan ma'aikatan jinya kusan 3,000, kashi 86 cikin ɗari suka ce a aikinsu na ƙarshe sun bar wani abu ba su yi ba saboda ƙarancin lokaci. Abin da aka fi bari shi ne zama a kwantar wa mara lafiya hankali, kashi 66, sai ilimantar da shi, kashi 52. Wannan a ƙasar da ake ganin tana da hali ke nan.

Kuma yawan marasa lafiya a kan nas guda ba maganar gajiya kaɗai ba ce, maganar rai ce. Farfesa Linda Aiken da abokan aikinta sun bi bayanan asibitoci 168 a jihar Pensilbaniya ta Amurka, suka wallafa a 2002 cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. A 2014 suka sake samun kusan wannan adadi a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara. Jihar Kalifoniya ta mai da ƙayyade yawan marasa lafiya a kan nas guda doka tun 1999, ta fara aiki da ita a 2004, kuma a yau nas ɗaya ba ta wuce marasa lafiya biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari, biyu a ɗakin kulawa ta musamman. A ɗaya gefen kuma, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce akwai ma'aikatan jinya kusan miliyan 28 a duniya, ana da giɓin miliyan 5.9, kuma mafi yawan giɓin a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi yake. Duk shugaban asibitin da ke son ma'aikatansa su riƙa zama suna bayani, sai ya fara da ɗaukar isassun hannuwa da biyan su haƙƙinsu a kan lokaci.

Sai dai akwai abin da ƙarancin ma'aikata ba ya wankewa, kuma zan faɗe shi ko da zai ɓata wa wasu rai: tsawa da wulaƙanci. Na ga an daka wa tsoho tsawa don ya tambayi sunan ƙwayar da aka ba shi. Daga ranar bai sake tambayar komai ba, ko da ciwo ya ishe shi sai ya yi shiru. Wannan shirun haɗari ne, domin mara lafiyar da ke tsoron nas ba zai ce mata allurar jiya ta sa shi ƙaiƙayi ba, ba zai ce ƙafarsa ta kumbura ba, ba zai ce yana haɗawa da wani magani a ɓoye ba. Amsa cikin mutunci da amsa cikin tsawa lokaci ɗaya suke ci. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a asibiti ita ce ke buɗe bakin mara lafiya.

Mutane da yawa suna auna asibiti da gini da na'urori da sunan likita. Ni yanzu da wasu abubuwa nake aunawa. Shin nas ta wanke hannu kafin ta taɓa ciwon? Shin ana juya wanda ba ya iya motsi duk bayan kamar awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo? Shin an tambayi sunansa an duba kafin a ba shi magani? Shin wani ya lura numfashinsa ya canza da tsakar dare? Likita yakan zo zagaye ya wuce, nas ce ke nan awa 24. Lokacin da Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da ta kafa tushen aikin jinya na zamani, ta isa asibitin sojoji na Skutari da ke Turkiyya a 1854 da mata 38, cututtuka irin su kwalara da atuni sun fi raunin yaƙi kashe sojoji. Abin da ta dage a kai shi ne tsabta, iska, abinci, da sa ido a kan mara lafiya, kuma a kan wannan ta kafa makarantarta a asibitin St Thomas na Landan a 1860. Tushen aikin bai canza ba har yau.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A mai da bayanin sallama aiki na dole da ake rubutawa a fayil kamar yadda ake rubuta awon jini, a san wanda ya yi shi. A yi shi da harshen da mara lafiya ke ji, a gaban wanda zai yi jinyarsa a gida, ba a bakin ƙofa ana tafiya ba. A fara tun kwana ɗaya ko biyu kafin sallama, don a samu damar maimaitawa. Wanda ba ya karatu a zana masa rana da wata a jikin ledar magani. A ba shi lambar da zai kira in abu ya rikice. Mu kuma masu jinya, mu daina fita daga asibiti sai mun san sunan ciwon, da aikin kowane magani, da alamar da za ta sa mu dawo cikin gaggawa. Ka tambaya cikin ladabi, in ba ka gane ba ka sake tambaya.

Wata uku da suka wuce sugan Mama ya sake faɗuwa, ba kowa a kusa sai jikarta 'yar shekara tara. Da ta ji zufar ta fara, ita da kanta ta ce wa yarinyar ta miƙo mata abin awo da abu mai zaƙi, ta sha, ta jira, ta sake aunawa, sannan ta sa aka kira ni a waya. Da na iso na tarar da ita zaune tana gaya wa yarinyar alamomin ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ta maimaita.