Gidan da na gina wa Inna ya tsage tun damina ta farko

Wallahi duk ranar da na shiga ɗakin Inna na ɗaga kai, sai zuciyata ta tafasa. Tsaga ce ta taso daga ƙasan taga, ta haura a karkace har linta, yatsuna biyu suna shiga ciki. Ƙofa ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da ƙarfi. Daɓen falo ya lotsa ta kusurwar gabas, in yara suka zubar da ruwa can yake gangarawa ya kwanta. Shekara shida ina zubin adashi don in raba tsohuwar nan da gidan haya, amma ko shekara ɗaya ba ta yi a ciki da kwanciyar hankali ba.

Filin yana bayan garin Funtuwa. A farkon 2024 muka fara aiki, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000, kowa na kuka. Da aka tona fandisho, bangon ramin ya tsaya cak kamar an yanka da wuƙa. Ɗan kwangilar ya buga diga ya ce da ni, “Malam, ka gode wa Allah, ƙasarka dutse ce.” Alhali a takardar lissafinsa, da hannunsa ya rubuta kuɗin gwajin ƙasa, ya rubuta buhu 30 na gyaran ƙasan fandisho. Na biya cif. Ba a ɗebi ko cokali ɗaya an kai gwaji ba. Buhunan nan kuwa, wani lebura ya rantse mini a wani gini aka sauke su.

Ruwan watan Agusta ne ya tona asiri. Da bango ya buɗe, na roƙi wani injiniya, abokin yayana, ya zo ya duba. Bai yi doguwar magana ba. Ya sa aka tona gefen katanga, ya ɓanɓaro busasshen curi mai tauri, ya jefa a kofin ruwa. A gaban idona ya yi ta fitar da kumfa, ya ruguje, ya zama kunu kafin in gama mamaki. Ya ce, “Ƙanina, a kan wannan gidanka yake zaune.”

Ƙasa ce da iska ta tara, ƙura mai laushi kamar gari wadda ta yi dubban shekaru tana sauka a shiyyar Funtuwa da Zariya da Kano, irin dai wadda hunturu ke kwaso mana daga Bodele ta ƙasar Chadi har yau. Injiniyoyi na kiranta lowes, kalmar Jamusanci. Cikinta duk ƙofofi ne ƙanana, ɗan yumɓu ne kawai ke riƙe da ƙwayoyinta. Da rani ta yi tauri ta ruɗe ka. Ruwa na ratsa ta alhali da nauyi a kanta, sai riƙon ya saki, ta zube ƙasa lokaci guda, kuma ba daidai take zubewa ba. Inda indararo ke zuba da inda aka haƙa sokawe dab da bango, nan gidana ya fara nutsewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne. A ƙasar Sin, inda irin wannan ƙasa ta kai kaurin mita ɗaruruwa a yankin Lanzhou, har Rawayan Kogi ya samo launinsa daga gare ta, tun da daɗewa suke cuɗa kashi 3 na ƙonanniyar farar ƙasa da kashi 7 na ƙasa, su daɓe a ƙarƙashin gini. Injiniyan ya ce da an kwashe ƙasar ramin, an cuɗa ta da siminti kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na nauyinta, an yayyafa ruwa daidai, an mayar hawa-hawa ana daɓe kowane hawa kafin a ɗora wani, an bar ta kwana 7 da danshi, da simintin ya ɗaure ƙwayoyin yadda ruwa ba zai warware su ba. A Jami'ar Ahmadu Bello, nan kusa da mu, an daɗe ana gwada tokar ɓuntun shinkafa da ta tukar rake don rage yawan simintin da ake zubawa. Kai, kakanninmu ma da ba su shiga aji ba sun san ƙasa sai da haɗi: da makuba suke daɓe, da madaɓi a hannu, mata na waƙa. To mutumin da ke yawo da hular kwano da tef a aljihu fa, me zai ce bai sani ba?

Da na sami ɗan kwangilar, cewa ya yi, “Haba Malam, kowane sabon gini sai ya zauna, a shafe da filasta.” An shafe. Ruwa biyu aka yi tsagar ta sake buɗewa, ta fi da faɗi. Tun daga nan wayarsa ba ta shiga, in kuwa ta shiga yaronsa ne ke ɗauka ya ce oga yana wurin aiki. Wato yana can yana tona wa wani bawan Allah irin ramin da ya tona mini.

Yanzu lissafin gyara ya ninka kuɗin buhunan nan sau da yawa, don sai an tona ƙarƙashin fandisho gaɓa-gaɓa an zuba kankare, a janye sokawe, a zagaye gidan da daɓen siminti mai gangara waje. Ba ni da su. Na kai takardar lissafinsa da rasit wurin lauya, an ce in jira. Inna kuwa ta koma ɗakin ƙanwata da tabarmarta da butarta, kuma jiya da hadari ya haɗo ta kira ni tana tambaya ko na fitar da akwatinta daga ɗakin.