Famfon Gidanmu Ya Fara Cizo

A majalisarmu ta Mabera an san ni da abu guda: ba a cin kuɗina a banza. Ko goro zan saya sai na taya har mai goron ya ce in ɗauka in ba shi lafiya. To da na kammala ɗan ginina a bayan Arkilla, ɗaki uku da falo, aka zo kan wayarin, sai wani dattijo mai takardar aiki ya zo ya zagaya, ya ƙirga soket da makunni, ya rubuto mini lissafi shafi biyu. Na duba ƙasan takardar, na ce masa ai ni gida na gina, ba filin jirgin Sultan Abubakar ba.

Da yamma na kai ƙara majalisa. Wani abokina ya ce, "Bar su da tsadarsu. Akwai wani yaro, hannunai na da albarka." Washegari sai ga yaron a kan kabu-kabu, kayan aikinsa cikin tsohon buhun shinkafa, ya maƙala tasta a bayan kunne kamar alƙalami. Kowa Injiniya yake ce masa. Na tambaye shi ko yana da takardar shaida, ya yi murmushi irin na mai tausayin jahili.

"Alhaji, wuta ba ta san takarda ba. Hannu ta sani."

Maganar ta burge ni, kuɗin da ya yanka kuma ya fi burge ni: kashi ɗaya cikin uku na lissafin dattijon, har da kayan aiki. Duk da haka sai da na taya. Kwana huɗu ya gama gidan kaf. Na yi mako biyu ina ba da labari a majalisa, ina raba lambarsa kamar goron suna.

Mun tare da hunturu, lokacin da babu mai kallon fanka, don haka gida ya zauna lafiya lau. Sai da Afrilu ya shigo, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, aka kunna fanka huɗu da firji da injin tura ruwa sama, sannan gidan ya fara nuna halinsa. In aka jona dutsen guga, fankar falo sai ta rage gudu kamar an shigo da babban baƙo. Makunnin ɗakin yara yana kunna ƙwan kicin. Da dare kuma wani ƙauri ke tashi, irin na kifin da aka manta a wuta. Uwargida ta ce, "Malam, ƙaurin nan fa daga bangon nan yake." Na ce maƙwabta ne ke ƙona shara. Ta dube ni, ta dubi bangon, ta yi shiru irin shirun da mata ke ajiyewa don gaba.

Ranar wata Talata da asuba na shiga banɗaki zan tari ruwan alwala, ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Na kai hannu na kama kan famfo. Wallahi ban san akwai jijiya daga ɗan yatsa zuwa haƙorin gatse ba sai ranar. Wani abu ya ɗauke ni tun daga tafin hannu, ya bi kafaɗa, ya fita ta duga-dugai. Buta ta yi gabas, ni na yi yamma, na yi salati da muryar da ban taɓa sanin ina da ita ba.

"Malam, lafiya?"

"Kunama ce," in ji ni.

Haka muka kwashe safiya ana ɗaga bokitai da tabarmi ana neman kunamar da na san babu ita. Amma mutumin da ya yi mako biyu yana cika baki ba ya fitowa da asuba ya ce famfonsa ya ja shi. Sai da famfon ya ciji babbar 'yata, sannan ya ciji uwargida, na kafa doka: ba a shiga banɗaki sai da silifas na roba, ba a buɗe famfo sai da muciya. Aka rataye muciya ta musamman a bayan ƙofa. Baƙo in ya nemi kewayawa, sai yaro ya raka shi ya yi masa bayani kamar mai koyar da tuƙi.

Ana haka Inna ta zo daga Gwadabawa ganin sabon gida. Ta kai hannu za ta ɗauko fura a firji, firji ya gaishe ta. Ta ja baya, ta gyara mayafi.

"Gidan ga akwai mutanen ɓoye. Kun tare ba ku yi musu sallama ba."

Ni kuwa na karɓi wannan fassara hannu bibbiyu, don ta wanke ni tas. Aka yi hayaƙi kwana uku, aka ɗauko malami ya yi karatu ɗaki-ɗaki. Da ya gama aka kawo masa tuwo, ya ci, ya nufi famfon tsakar gida zai wanke hannu, kuma babu wanda ya tuna ya ba shi muciya. Bawan Allah bai yi ihu ba. Ya dai tsaya cak, ya gyara rawaninsa da ya karkace, ya ce, "Alhaji, wanga ba aikinmu ba na. Nemo mai wuta."

Na kira Injiniya. Ya ce gidan sabo ne, wuta ba ta saba da shi ba tukuna, in ƙara mata wata guda. Kiran da na sake yi, wayar a kashe.

Haka na sa ƙafa na koma wurin dattijon, ina sunkuyar da kai kamar mai biko. Bai yi mini gori ba, wanda ya fi gorin ciwo. A hanya ya ciro katinsa ya nuna mini, na NEMSA, hukumar da aka kafa da dokar 2015, wadda ke tantance masu aikin wayarin ta ba su shaida. Na ce ai na sani. Ban sani ba.

Ya kashe wutar gidan daga tushe, ya kafa tsani, ya shiga silin da tocila da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, ƙarƙashin kwanon da ko ƙwai aka fasa a kansa zai soyu. Muna ƙasa muna jin motsinsa. Can muka ji "La'ilaha illallahu." Aka jima, muka sake ji. A na uku ya leƙo da kai, gumi na zuba daga gemunsa, ya ce in hau in gani da idona.

Abin da na gani taliya ce aka zubar a kan katako. Wayoyin duka ja ne, nadi guda aka saya aka yi gidan da shi, ba a san mai wuta ba, ba a san nutural ba, wato wayar da wuta ke bi ta koma. Inda aka haɗa waya da waya, murɗewa kawai aka yi aka naɗe da ledar fiya wata, wata ledar ta narke ta manne, ta yi baƙi ƙirin. Ga kifinmu na dare. Ya ce wayar duk siririya ce, 1.5, ta fitila, alhali soket mai kauri yake so, 2.5, shi ya sa take ɗaukar zafi in an jona guga. Ya kankare guda da wuƙa, jan ya tafi, sai ga fari fat: alminiyon ne aka shafa masa launin tagulla. Makunnan kuma a kan nutural aka ɗora su, wato ko ka kashe fitila, mazaunin ƙwan yana nan da wutarsa yana jiran mai canza ƙwai.

Muka sauko ya buɗe akwatin fis. A gurbin fis ɗin da ya kamata ya tsinke in wuta ta yi yawa, ƙusa ce zaune, 'yar inci uku, irin ta kafinta. Ya ce gidan zai riga ta ƙonewa.

Akwai koriyar waya guda ɗaya tak a gidan, wadda Injiniya ya taɓa nuna mini da alfahari ya ce atin ce, wayar da ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle. Dattijo ya kama ta da yatsa biyu ya ja, ta zaro daga bango sumul, tsawonta bai wuce taki ɗaya ba. Ba ta je ko'ina ba. Wayar injin ruwa kuwa ta goge a jikin bututun ƙarfe har ta fito tsirara, bututun ya rarraba wa famfunan gida.

"Wuta ƙasa take nema, Alhaji, bolt 230. In an kafa mata rodin tagulla ta bi shi. In babu, ta bi wanda ta samu ba takalmi. Tunda zafin nan ya shigo kai ne atin ɗin gidan nan."

Uwargida tana bakin ƙofa. Ba ta ce komai ba, sai dai ta tambayi dattijo ko kunama ma tana bin bututu.

Aka fasa filasta, aka zare taliyar Injiniya, aka haƙa rami a bayan gida aka kafa rodi, aka zuba masa gawayi da gishiri. Na biya lissafin nan mai shafi biyu, da ƙarin tashin farashi, da kuɗin birkila. Ban taya ba ko sisi. Majalisa kuwa na ce musu ina fama da basir, shi ya sa ba a ganina.

Daren da aka gama, na shiga banɗaki ba takalmi don gwaji, na kama famfo, ruwa kawai ya zubo. Ina fitowa waya ta yi ƙara. Surukina ne, mahaifin uwargida, daga Gawon Nama. Na rusuna a tsaye kamar yana ganina.

"Baba, barka da dare."

"Barka kadai. Yaron ga da ka turo min ya yi wayarin shagunana, kana da wata lamba tai? Ƙofar shago guda ta fara jan mutane."

Uwargida tana jin komai. Ta shiga banɗaki, ta ciro muciyar daga bayan ƙofa, ta goge ta da gefen zane, ta miƙo mini tare da makullin babur.