Kano ta Tsakiya: masu lissafin tikitin sanata na duban inda ba nan ba

Da zarar an ji ƙamshin zaɓe, zancen da ke cika majalisun unguwa daga Fagge zuwa Gwale shi ne wa APC za ta tsayar a kujerar sanatan Kano ta Tsakiya. Wani ya ce ai wane ne, tunda fastarsa ta rufe gadoji. Wani ya ce a'a, wane ya fi kusa da masu ruwa da tsaki. Sojojin baka kuma su kwana a gidajen rediyo suna rantsuwa cewa an gama magana. Ina sauraron wannan lissafi da sha'awa, domin ni ma ɗan mazaɓar ne, amma ina ganin yawancin masu yin sa suna ƙirga mutanen da ba su ne za a ƙirga ba ranar da abin zai tabbata.

Dalilina yana cikin tarihin kujerar. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999, ba a taɓa samun sanatan Kano ta Tsakiya da ya yi zango biyu a jere ba. Ibrahim Kura Mohammed ya fara, Rufa'i Sani Hanga ya karɓa a 2003, Mohammed Bello a 2007, Bashir Garba Lado a 2011, Rabi'u Musa Kwankwaso a 2015, Malam Ibrahim Shekarau a 2019, sannan Hanga ya dawo a 2023 bayan shekara goma sha shida da barin ta. A daidai wannan lokaci Kabiru Gaya ya riƙe Kano ta Kudu daga 2007 har 2023, Barau Jibrin kuwa yana kan ta Arewa tun 2015. Me ya sa ta Tsakiya kaɗai ba ta zama a hannu ɗaya?

Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce, a zaɓuka uku na baya-bayan nan kujerar ta zama masaukin manya, wurin da ake sauke babban baƙo idan tafiyar da ya nufa ta canza. A watan Disamban 2014 Kwankwaso ya nemi tikitin shugaban ƙasa na APC a Legas, ya zo na biyu bayan Buhari, daga nan sunansa ya bayyana a takarar sanata. A 2018 ya fice ya koma PDP, Shekarau kuma ya bar PDP ya shigo APC a watan Satumba, ana saura ƙiris a yi zaɓen fidda gwani, tikitin ya faɗa hannunsa. Duk wanda ya zauna a farkon wannan shekarar yana jera sunayen masu neman kujerar a APC, ba zai sa Malam a ciki ba, domin a lokacin ma ba ɗan jam'iyyar ba ne.

Abin da ya faru a 2022 ya fi kowanne bayyana lamarin. Shekarau ya bar APC zuwa NNPP a watan Mayu, aka ba shi takarar sanata, ya sake ficewa zuwa PDP a watan Agusta, amma sunansa ya ci gaba da zama a takardun hukumar zaɓe a matsayin ɗan takarar NNPP. Aka kaɗa ƙuri'a a watan Fabrairun 2023, aka sanar da shi a matsayin wanda ya ci da sunan jam'iyyar da ya riga ya bari, sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta tabbatar da Hanga. Dubban mutane sun bi layi cikin rana ba tare da tabbacin wanda suke aikawa Abuja ba. A ɓangaren APC, A. A. Zaura da ya samu tikitin sanatan, kujerar gwamna ya fara nema kafin a tsayar da Nasiru Gawuna. Ko a Kano ta Arewa haka ta kasance: Barau ya nufi gwamna, Ganduje ya nufi kujerar Barau, da aka yi sulhu kowa ya koma inda aka tsara masa.

Saboda haka mai son yin hasashe na gaskiya ya bar ƙirga fasta. Ya tambayi kansa su wa ke neman gwamna a jam'iyyar, kuma wanene cikinsu za a roƙa ya janye a lallashe shi da sanata. Ya duba wane jigo ne ke shirin sauya sheƙa, da abin da za a shimfiɗa masa ranar da za a karɓe shi. Daga waɗannan gidaje tikitin ya saba fitowa. Matashin ɗan kasuwa ko tsohon ɗan majalisar wakilai da ya shekara biyu yana zagaya mazaɓu, yana zuwa ta'aziyya da ɗaurin aure, yakan wayi gari an kira shi an ce ya yi haƙuri, lokacinsa na nan tafe. A 2022 fom ɗin sanata a APC naira miliyan 20 ne, ban da abin da ake kashewa a kan daliget.

Na san hujjar masu kare wannan tsari, kuma ba zan ce ba ta da tushe ba. Sukan ce masalaha ta fi rigima, su kawo misalin Zamfara, inda rikicin fidda gwani ya sa Kotun Ƙoli a watan Mayun 2019 ta soke dukkan nasarorin APC a jihar, daga gwamna har 'yan majalisa, aka miƙa wa PDP. Sukan ƙara da cewa mazaɓa mai ƙananan hukumomi 15, wadda ta haɗa Nasarawa da Dala da Kumbotso da Ungogo, ba ta ciwuwa sai da suna mai nauyi. Gaskiya ne. Sai dai abin da ya kashe APC a Zamfara rashin yin zaɓen fidda gwani na halal ne, ba yin sa ba. Kuma dokar zaɓe ta 2022 da aka yi zaɓen 2023 da ita ta faɗi abin da ake nufi da masalaha: sai kowane mai neman takara da aka tantance ya rubuta amincewarsa ya sa hannu. Abin da muka saba gani shi ne ɗauki-ɗora da aka sa wa rigar masalaha.

Akwai kuma darasin Yobe ta Arewa. Bashir Machina ya ci zaɓen fidda gwani na sanata a APC a watan Mayun 2022 lokacin da Ahmad Lawan, mai riƙe da kujerar, ke neman tikitin shugaban ƙasa. Da Lawan ya faɗi a can, jam'iyya ta miƙa sunansa a matsayin ɗan takarar sanata maimakon Machina. Machina ya yi nasara a Babbar Kotun Tarayya da Kotun Ɗaukaka Ƙara, amma a watan Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta ba jam'iyya gaskiya saboda hanyar da aka bi wajen shigar da ƙarar. Duk wani ƙaramin ɗan takara a Arewa ya karanta wannan hukunci, kuma ya fahimci abin da yake gaya masa.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar da mazaɓar ke yi. A Majalisar Dattawa daɗewa na da daraja. Tsofaffin 'yan majalisa ake fara dubawa wajen shugabanci da manyan kwamitoci. Barau bai zama mataimakin shugaban majalisa a 2023 ba sai a zangonsa na uku. Mu kuwa kusan kowane zango sabon hannu muke turawa, ko babban mutum da hankalinsa ke kan wata kujera ta gaba. Alhali nan ne Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari suke, nan ne masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da rashin wuta ya durƙusar da da yawansu, nan ne manoman shinkafa da tumatir na Kura da Garun Malam. Bututun iskar gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) da layin dogo na Kaduna zuwa Kano ayyuka ne na tarayya da ke buƙatar wanda zai bi su kasafi bayan kasafi, ya san fayil ɗinsu, ya san ofishin da suka maƙale. Wannan ba aikin mai jiran gado ba ne.

Ba na cewa tsohon gwamna ko babban jigo ba shi da haƙƙin neman kujerar. Yana da shi kamar kowa. Ya fito tun da wuri, ya sayi fom da sunansa, ya zaga Minjibir da Warawa da Gezawa da Madobi kamar yadda sauran suke zagawa, a yi 'yar tinƙe a gaban jami'an hukumar zaɓe, a ƙirga a faɗi sakamako a wurin. Idan ya ci, ya ci da guminsa, waɗanda suka faɗi ma za su fi saurin mara masa baya fiye da wanda aka murɗe wa hannu cikin dare.

Su kuma masu neman kujerar da ke yawo yanzu, duk wanda ya zo majalisarmu neman goyon baya, akwai tambayar da zan yi masa a gaban jama'a kafin a kai ga maganar rijiyar burtsatse da taransifoma: idan aka kira ka aka ce ka janye wa wani babba, za ka janye? Idan ya ce zai janye, to ya faɗa mana sunan wanda yake riƙe wa kujerar, mu je mu yi magana da shi.