Baƙuwar da ta ƙi cin farar Maraɗi

Baturen da na yi wa tuƙi, da ya tashi komawa ƙasarsu, kowa ya samu rabonsa. Kuku ya ɗauki firji, mai gadi ya saɓa katifa. Ni sai aka ja ni gefe, aka ce tawa amana ce ta musamman, aka miƙo mini akwatin gilashi. A ciki gizo-gizo ne mai gashi buzu-buzu, faɗinsa ya kusa tafin hannuna, irin na ƙasar Cile da ake kira tarantula.

Inna ta leƙa, ta ja da baya. "Kai ɗan nan, ladan wahalar taka ke nan?" Amma kafin magariba ta yanke hukunci: baƙo baƙo ne, ba ya kwana da yunwa a gidanta. Yara kuwa nan take suka raɗa mata suna Ƙoƙi.

Lokacin sanyi ne, fara ta cika kasuwa buhu-buhu. Na sayo soyayya ta dala ashirin, an barbaɗa yaji, na ajiye mata a gaba. Ko motsi. Ashe idanunta takwas kusan na ado ne, da gashin ƙafafu take jin motsin abin farauta, abin da ya sha mai da gishiri kuwa ba abincinta ba ne. Ni na cinye farar a madadinta.

Sai na ɗauki yaran unguwa aikin kamo gyare, kowane ɗaya dala biyar, da sharaɗin kar su je lambun da aka fesa wa maganin ƙwari. Suka cika gwangwanin madara. Inna ta so a juye duka. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa babbar tarantula gyare ɗaya ko biyu ya ishe ta mako guda, kar ya fi cikinta girma, wanda ba ta ci ba kuma a cire shi washegari. Inna ta ce wannan ba ƙa'ida ba ce, rowa ce aka sa wa riga.

Tambayar da ta ishe ni a unguwa ita ce shekarunta nawa. Maƙwabcinmu dillalin dabbobi ne, wanda in ya ɗaga leɓen jar akuya sau ɗaya zai faɗa maka daminar da aka haife ta. Ya zo da kansa, ya gyara hula, ya durƙusa, ya leƙa ta ƙarƙashin gilashi. Ya hango fiƙoƙi biyu baƙaƙe a lanƙwashe.

"Haƙori biyu ne, Malam. Ba ta wuce shekara ɗaya da rabi ba."

Na ce ya ɗaga leɓen ya tabbatar. Ya ce ana jiransa a kasuwa.

Da fiƙoƙi biyu tarantula take fitowa duniya, da biyu take barinta, ba sa nuna shekaru. Girman jiki ma ba shaida ba ne, don wadda ta samu ci da ɗumi takan riga sa'arta girma.

Ana haka sai Ƙoƙi ta ɗauke baki gaba ɗaya. Makonni suna wucewa, cikinta ya yi duhu. Wata safiya na tarar da ita kwance rigingine, ƙafafu a sama. Inna ta yi salati, ta ce ai ga abin da rowa ta jawo. Har na samo kwalin ashana babba da ƴar hauya, na ce bari in sanar da mai ita ta WhatsApp. Muryar da ta dawo kusan ihu ce: kar in taɓa ta, in cire gyaren da ke ciki yanzu-yanzu! Saɓa take yi, kuma a wannan halin jikinta laushi gare shi, gyare ɗaya ma zai iya gatsa ta ya yi mata lahani.

Da gari ya waye Inna ta riga kowa leƙawa, sai muka ji kururuwa: "Ta haihu! Sun zama biyu!" Tsohuwar rigar ce a gefe, da ƙafafunta takwas cif.

A cikin rigar nan ake gane jinsi, hoton da na tura ya nuna mace ce. Ƙanana suna saɓa a kai a kai, manya kuwa kamar sau ɗaya a shekara ko ma ƙasa da haka, to iyakar abin da za a ce shi ne ta girma. Abinci kuma sai bayan mako ɗaya ko biyu, in fiƙoƙin sun yi baƙi sun yi ƙwari. Namijin irinta ba ya daɗewa bayan ya balaga, mace kuwa tana iya kai shekara 20.

Inna ta yi shiru tana lissafi da yatsu, sannan ta ce in kira malamin unguwa tun tana da ƙarfinta, a rubuta a takarda cewa ko bayan ranta ba a ɗakinta za a ajiye akwatin ba.