Na danna biyar, majuyi biyu suka amsa

Tun da na kai Ummi Miniatur Wunderland, gidan nan na ƙananan jiragen ƙasa da aka buɗe a Hambug ta ƙasar Jamus a 2001, aljanin abin ya shige ni. Yarinya ta manta kafin mu iso gida, ni kuwa na dawo ina auna ɗakin ƙasa da tef. Abin da zan iya karewa da shi kawai, kakana ma'aikacin reluwe ne a Zariya, sai mu ce jini ne.

A kasuwar gwanjo ta Asabar na samu kwali guda: dogo samfurin H0, wanda ake rage girman komai sau 87 har faɗin layin ya koma milimita 16.5, da kan jirgi biyu, da majuyan layi goma sha biyu masu karkata jirgi daga wani layi zuwa wani, da tsofaffin dikoda uku, wato 'yan na'urorin da ke karɓar umarni su juya su. Mai kayan ya ce na marigayi surukinsa ne, kuma komai na aiki. Takardar bayani da Jamusanci take, an taɓa ɗora mata kofin gahawa daidai kan teburin lambobi.

Tsarin DCC suke amfani da shi, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na garin Gisen, ƙungiyar NMRA ta masu ƙananan jiragen ƙasa a Amurka ta mai da shi ma'auni a shekarun 1990. Waya biyu ne ke ɗauke da wuta da umarni gaba ɗaya, kowace dikoda tana kasa kunne ta ji adireshinta, kowace kuma tana riƙe da majuyi huɗu. Biyu daga cikin nawa masu maɓalli ne. Ka danna ka riƙe har 'yar fitila ta kama, daga nan lambar da ta fara ji daga na'urar hannu ta zama tata, kamar jariri ranar suna, ukun da ke biye su bi sahu. Na raɗa wa ɗaya biyar, ɗaya tara. Har na fara tunanin ko in buɗe shago.

Ta ukun ce dattijuwar, ba ta da maɓalli. Sai an cire ta an haɗa da wayar shirye-shirye, a rubuta mata adireshi a ma'ajiyar da ake kira CV 513. Na haɗa, na nemi ta faɗa mini abin da ke cikinta, ta yi gum. Ashe ba ta da baki sai an jona mata majuyi ko ƙwan fitila, domin amsarta ita ce ta ɗan ja wuta, kimanin miliamfiya 60, na'ura ta ji. Na jona, ta yi ƙas, na rubuta mata 1, wato rukunin farko, majuyi ɗaya zuwa huɗu.

Na mai da ita mazauninta, na danna ɗaya. Shiru. Biyu, uku, huɗu, ko tari. Na danna biyar don in huce, sai na ji ƙas-ƙas daga wuri biyu, ɗaya a gabana, ɗaya can bayan dutsen kwali. Jirgin kaya da ke tafiyarsa lafiya ya karkata ya shiga tashar fasinja, ya tarar da ɗan'uwansa a tsaye, ya tura shi ta baya har tarago uku suka kwanta a kan shanun roba.

Na ce ai majuyin ne ya cije, na dinga danna ɗaya ina komawa biyar ba ƙaƙƙautawa. Su kuwa waɗannan majuya kwayil ne a cikinsu, wato naɗaɗɗiyar waya, wutar ƙiftawar ido yake so, in aka matsa masa sai ya ɗau zafi. Ban ankara ba na ji uwargida daga saman bene.

"Abban Ummi, me kake soyawa a ƙasa?"

"Gwaji nake yi."

"To gwajin ya ƙone."

Maƙwabcina wani dattijon Bajamushe ne, tsohon ma'aikacin lantarki, wanda sai ka gaishe shi sau biyu yake amsa ɗaya. Warin ne ya sauko da shi. Ya dubi dikodar, ya dubi na'urar hannuna, ya ga ba kamfani ɗaya ya yi su ba, ya ɗaga yatsu huɗu ya ce, "Ƙara huɗu." Bayanin da na tatso daga bakinsa da ƙyar shi ne, wasu na'urorin suna fara ƙidayar rukuni daga sifili, wasu daga ɗaya. A wajen tawa, rukuni na 1 shi ne biyar zuwa takwas. Wato dattijuwar da mai maɓalli suna ɗaya suke amsawa, ɗaya zuwa huɗu kuma ba mai su. Tun da nake ban taɓa jin injiniyoyin ƙasar da jama'a ke yi wa kirari da tsari sun kasa shirya inda ƙidaya ke farawa ba.

Muka bar dattijuwar a kan biyar, ya ce a mai da ɗayar zuwa goma sha uku. Ya danna maɓallinta, fitila ta kama, ya juya yana neman tabarau. Ummi, wadda ba wanda ya ga shigowarta, ta ɗauki na'urar ta danna lambar da ta ga babanta yana ta dannawa tun azahar.

Ƙas-ƙas, daga wuri biyu.

Dattijo ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce shi zai hau ya sha magani, in yarinya ta yi barci in ƙwanƙwasa masa.