Katin inshorar lafiya ba sadaka ba ne

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, in mace ta je asibitin mazaɓa da katinta aka ce magani ya ƙare, sai ta ƙulle katin a bakin zani ta koma gida. Wai ai kyauta ce, ba a yi wa mai kyauta ƙorafi.

Wannan kuskure ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Wani kaso yana bi ta hukumomin inshorar lafiya na jiha, KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa. Su kuma su biya asibiti gwargwadon mutanen da aka yi wa rajista a can, ko sun zo ko ba su zo ba. Wato sunanki kaɗai kuɗi yake kawowa.

Don haka akwai wanda za a tuhuma, kuma sau da yawa ba malamar da ke ɗaura miki awon jini ba ce. A tambayi shugaban asibitin, a gaban kwamitin mazaɓa: nawa ne suka shigo, yaushe? In ya ce hukuma ba ta turo ba, a kai ƙorafi can a rubuce, a sanar da ɗan majalisar jiha.