Kwata Kawai Na Rage

(Garejin Oga, bayan la'asar. Yara huɗu sun turo wata jar Toyota Supra, irin ta da wadda aka daina ƙerawa a 2002, suna ta haki. Ɗan Alhaji na zaune ciki da baƙin tabarau, bai ga dalilin da zai sa ya sauko ya rage musu nauyi ba.)

ƊAN ALHAJI: Salamu alaikum, Oga. Ɗan tari take yi. A duba mini yanzu-yanzu, gobe akwai kai amarya.

OGA: Wa alaikumus salam. Motar da ƙarti huɗu suka turo ce mai ɗan tari? Yaro, buɗe bonet, ciro mini fulogi.

YARO: Oga, ga na silinda ta shida. Bakinsa ya yi fari fat, kuma ƙarfen ya cinye.

OGA: Haska ramin da tocila. Me ka gani?

YARO: Ina ganin har ƙasa.

OGA: Ai bai kamata ka ga ƙasa ba, fistin ya kamata ka gani.

YARO: Shi ne, Oga. Taga aka yi masa.

OGA: Inna lillahi. Ɗan Alhaji, wannan injin 2JZ ne fa. Lita uku, silinda shida a jere, turbo biyu masu cusa masa ƙarin iska, gangar jikinsa baƙin ƙarfe. A ƙasashen waje ninka masa ƙarfi suke yi ya jure. Kai me ka yi masa?

ƊAN ALHAJI: Wallahi ba komai. Ɗan akwati kawai na sa mata, na hana taya sulɓi. Ta intanet na saya.

OGA: Ba ta zo da nata daga kamfani ba?

ƊAN ALHAJI: Nata ya cika tsoro. Da taya ta ɗan yi ƙara sai ya toshe wa inji iska, mota ta yi sanyi ana kallona. Na sa an cire.

OGA: Wa ya cire?

(Rewaya, wanda tun shigowar motar yake ƙoƙarin zamewa ta bayan tsohuwar bas, ya tsaya cak.)

REWAYA: Oga, alwala zan yi.

OGA: An yi la'asar, magariba da saura. Zo nan. Faɗa wa mai mota yadda akwatin yake aiki, tunda kai ka ɗaura.

REWAYA: Abu ne mai sauƙi. Kowace taya tana da sansa, na birkin ABS, mai ƙirga juyawarta. Wannan motar da tayoyin baya take ja. Idan na baya suka fi na gaba gudu, akwatin ya san sulɓi ake yi, sai ya hana wata silinda mai na juyi ɗaya, ƙarfi ya ragu, taya ta kama ƙasa.

OGA: Ma sha Allah. Ka ga karatu daram. To a ina aka samu taga a fistin?

REWAYA: Shi ne ya dawo ya ce motar tana masa in'ina in akwatin ya shiga aiki.

ƊAN ALHAJI: Tana yi mana! Fat-fat-fat, a gaban mutane.

REWAYA: Sai na shiga da kwamfuta. Na ga zalunci ne a hana silinda mai gaba ɗaya. Na ce maimakon a hana ɗaya duka, a rage wa kowa kaɗan, a yi adalci. Kwata kawai na rage.

OGA: Kwata.

REWAYA: Ko rabi bai kai ba, Oga.

OGA: Yaro, kawo mini benci in zauna. Ku saurara. Silindar da aka hana mai gaba ɗaya azumi ta yi: ba mai, ba wuta, iska ce ta shiga ta fita, ba abin da ya same ta. Masu akwatin ba wawaye ba ne da suka yi haka. Amma wadda ka ba mai kaɗan ga iska cike, ita wuta za ta kama, kuma wuta mai zafin gaske. A tafiyar hankali inji yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, a ma'aunin nauyi. In turbo ya cika aka danne totur, sai an ƙara mai, ya koma wajen kashi 11 da rabi ko 12, domin rarar man nan ita ke sanyaya cikin silinda. Cire kwata daga nan, ka haura 15. A lokacin da inji ya fi bukatar mai, a lokacin ka yi masa rowa.

REWAYA: Amma ai an samu sauƙin shan mai.

OGA: An samu. Yanzu ko ɗigo ba ta sha. Ɗan Alhaji, kafin ta tsaya ba ka ji wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga inji ba?

ƊAN ALHAJI: Na ji. Sai na ƙara sautin rediyo.

OGA: Wannan ƙarar mai ne ke fashewa da kansa ba a kan lokaci ba, yana dukan kan fistin. Fistin kuwa alminiyom ne, bai da haƙurin baƙin ƙarfe.

ƊAN ALHAJI: Amma Oga, akwatin ai sai taya ta sulɓe yake aiki. Ni kuwa a miƙaƙƙen titi nake, hanyar Zariya, ba ruwa ba yashi.

(Oga ya zagaya bayan motar, ya durƙusa, ya daɗe yana karanta lambobin jikin taya. Ya koma gaba ya karanta. Ya sake komawa baya.)

OGA: Wa ya canza tayoyin baya?

ƊAN ALHAJI: Ni. Na da sun ƙone a wasan mota. Na samu 'yan Beljiyam masu arha, sun ɗan fi gajarta, amma sun yi mata kyau.

OGA: Gajeriyar taya sai ta fi doguwa yawan juyi kafin su ci tafiya ɗaya. Akwati ba shi da ido, ƙirga kawai ya iya. Tunda ba ku sake saita shi ba, a wajensa tun daga ƙofar gidanku kake sulɓi. Ya yi ta rage kwatar nan, kai kuma ka ji mota ba ƙarfi, ka yi ta danna totur.

ƊAN ALHAJI: Har ƙasa.

OGA: Na sani. Na ga tagar.

ƊAN ALHAJI: To ni ban yarda laifin na'ura ba ne. Har a tseren Formula 1 da ita suke amfani.

YARO: Yallaɓai, an hana a 1994, aka dawo da ita a 2001, aka sake hanawa a 2008.

OGA: Kai kuma a ina ka san wannan?

YARO: A waya, Oga.

OGA: Sifana mai lamba goma da na aike ka nema tun safe, ita ba ta cikin wayar? Kuma ni ban ce laifin na'ura ba ne. Su can injiniyoyi ne zaune da kwamfuta suna auna komai. Mu nan Rewaya ne da adalci.

(Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa salansa. Ta amsa kamar ba kowa a gida.)

OGA: Bakin salansar nan ya ƙone, fentin bamba ya kumbura. Wannan kuma fa?

ƊAN ALHAJI: Oh, wannan na biki ne. Akwai maɓalli daban. In na danna sai ta riƙa harbi tana fitar da wuta ta baya. Ranar kamun ƙanwar abokina har mai kalangu sai da ya gudu.

REWAYA: Nan ban taɓa mai ba, Oga, ka shaide ni. Wutar fulogi kawai na yanke.

OGA: Wato nozul na zuba mai, fulogi bai kunna ba, ɗanyen mai ya gangara salansa mai zafi ya fashe a can. A kan hanyarsa akwai bawul, akwai fuka-fukan turbo, kowace harbi a jikinsu take ƙarewa. Indomin da ke cikin salansa kuwa, wato matatar hayaƙin nan, narkewa take yi ta toshe hanya.

REWAYA: Nan kam na yi hangen nesa. Tun kafin in haɗa maɓallin na cire indomin, don kada ta lalace.

ƊAN ALHAJI: Ka cire? Tana ina?

REWAYA: Tana wajen wani mutum, a ajiye.

OGA: Mutumin da ya ba ka kuɗin sabon babur?

REWAYA: Wannan tsakanina da shi ne.

(Wata farar jif ta tsaya a bakin gareji. Direba bai kashe ta ba saboda sanyin ciki. Alhaji ya fito yana gyara babbar riga. Ɗan Alhaji ya cire tabarau karon farko.)

OGA: Ranka ya daɗe, barka da zuwa.

ALHAJI: Barka dai, Oga. An ce motar makarantar yaron nan ta samu matsala.

OGA: Motar makaranta?

ALHAJI: Haka ya ce mini. Wai mai ƙofa biyu ya zaɓa don kada abokai su dame shi, ya samu natsuwar karatu.

ƊAN ALHAJI: Abba, ɗan tari ne.

ALHAJI: Yi mini shiru. Oga, me za a saya?

OGA: Sai mun sauke inji, ranka ya daɗe. Amma fistin da ringi babu makawa, kuma ba a canza ɗaya a bar biyar. Gasket, fulogi, a duba bawul, a duba turbo biyun. Indomi kuma a tambayi wancan. Kayan wannan injin ko a Ƙofar Ruwa sai an sha yawo, wataƙila sai an aika Dubai.

ALHAJI: To me ya rage lafiya a motar?

OGA: Akwatin. Shi ko ƙwarzane bai yi ba.

ALHAJI: Allah ya kyauta. Garin gyaran gira an rasa ido. Da ma wannan yaron ka kai wa tun farko, da ba a yi haka ba. (Ya nuna Rewaya.) Yaron kirki ne. Jiya ma ya zo gida da kwamfutarsa ya taɓa mini jif ɗin can, ya ce zai rage mata shan mai. Ko sisi bai karɓa ba.

(Oga ya dubi Rewaya. Rewaya ya dubi tsohuwar bas.)

OGA: Nawa ka rage?

REWAYA: Ta Alhaji ce fa, Oga, babbar mota ce. Na ga kwata ba za ta ishe ta ba.

OGA: Direba! Kashe ta! Kashe ta, na ce!